Yatsa Ma Harshe Ne

Ladanin masallacin da ke bayan gidanmu shi ne agogona, ko da yake ba ni yake kira ba. Shekara da shekaru, da ya ɗaga murya da asuba nake farkawa, in laluba gefen katifa in ɗauko tocila da Littafi Mai Tsarki. Ban san ranar da aka yi juyin mulki a gefen katifar nan ba. Uwargida ce ta fara lura. Wata safiya tana ɗaura kallabi, ko dubana ba ta yi ba, ta ce, "Maigida, yau ma WhatsApp ne zai buɗe mana da addu'a?" Na ce ai Littafin nake nema, yana cikin wayar. Ban yi ƙarya ba, yana ciki kuwa, da Hausa da Turanci. Sai dai kafin in isa Zabura na ratsa saƙonni sun fi arba'in: hoton gawa, roƙon kuɗin asibiti, sanarwar taron Zumuntar Mata, da wani mai wa'azi daga Legas da ke alkawarin duk wanda ya rubuta "Amin" zai ji alat kafin Juma'a. Ko da na buɗe baki zan yi addu'a, zuciyata ta riga ta ci kasuwa ta watse.

Ni fasto ne a Zuru, kuma ba na cikin abokan aikina da ke hawa bagade su ce waya Shaiɗan ce. Mai faɗin haka, in ka bincika, ba shi da ɗan'uwa a Bena ko Dirin Daji. Masarautar nan ƙananan hukumomi huɗu ce, Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, ga dajin Zamfara ta wannan gefe, ga na Neja ta wancan. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna, suka kashe fiye da 60 a lokaci guda. Kafin nan da bayan nan, sau nawa kira ɗaya ya ba mata da yara damar ficewa kafin babura su iso? Sannan kowa ya san sana'ar mutanen Zuru bayan noma: aikin soja. Ƙasar da ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da Manjo Janar Tanko Ayuba da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya zama Sarkin Zuru, ita ce ta haifi kuratan da ba wanda ya san sunansu sai iyayensu da matansu. Ina hangen matan nan ranar Lahadi, waya ƙulle a bakin zane, ana waƙa amma rabin kunnensu na Barno. Ban taɓa ce wa irin wannan baiwar Allah ta kashe wayarta ba, kuma ba zan ce ba.

Abin da ya sa ni zama in rubuta wannan, laifi ne da na yi da hannuna.

Wani dare ne da damina, wajen ƙarfe tara, saƙon murya ya shigo mini. Wani mutum ne yana haki, yana cewa sun taso, babura ba iyaka, sun nufi wani ƙauye da ya ambata, ƙauyen da muke da ƙaramar majami'a. A ƙarshe ya ƙara da cewa a yi hattara da masu tallar nono, su ne infoma. Ban tsaya na sha ruwa ba. Na tura wa zauren dattawan ikilisiya, na tura wa na matasa, na tura wa na mata, na kuma ji a raina na sauke nauyi. Daren nan rabin ƙauyen a cikin gonakin dawa suka kwana ana tafka ruwa. Wata tsohuwa ta zame a bakin rafi ta karye a hannu. Gari ya waye ba a ga ko babur ɗaya ba. Sai daga baya wani yaro ya gane muryar: saƙon bara ne, na wani yanki daban mai sunan da ya yi kama da nasu.

Na je duba tsohuwar. Ɗanta ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, na yi mata sannu, na yi addu'a. Da ya rako ni bakin babur sai ya ce, cikin ladabi, ba da niyyar cin fuska ba, "Baba Fasto, ai mun ji saƙon nan tun la'asar, ba mu kula ba. Da muka ga daga wayarka ya fito, sai muka ce to, magana ta tabbata."

Har na iso Zuru wannan magana tana mini yawo a ka. Ni a ganina miƙawa kawai na yi, kamar ɗan aike da ba ya buɗe ambulan. Su kuwa a wurinsu hatimi na buga. Na yi wa'azi ban san adadi ba a kan dokar da ta hana shaidar zur, kullum ina hango mutum tsaye gaban alƙali, ashe ga ni kwance a kan katifa na ba da shaida a kan abin da ban gani ba, ban ji daga wanda ya gani ba, ban ma san mai muryar ba. Manzo Yaƙub ya ware kusan sura guda a wasiƙarsa yana gargaɗi a kan harshe, kuma da masu koyarwa ya fara. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. A zamanin da aka yi wannan karin magana, bunu ɗaya ake zara a lokaci guda, kuma ana ganin hannun da ya zara. Yanzu babban yatsa na iya kware rufin ɗaki sukutum, mai shi yana hamma.

Yayana Musulmi ne, ya je Makka, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Da na ba shi labari sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, da ka tambaye ni da na faɗa maka mu ma an umarce mu a Suratul Hujurat mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Sai dai kada ka ga na yi maka dariya, ni ma na sha ruwan gishiri." Yana nufin watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane da tsakar dare ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ba wanda ya tambayi likita, don mai kiran uwarka ce ko amininka. Har rayuka aka rasa a ƙasar nan.

Masu WhatsApp sun san da wannan ciwo. Bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe-kashen mutane a Indiya a 2018, sun taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, suka faɗaɗa dokar zuwa duniya baki ɗaya a farkon 2019, a 2020 kuma suka mai da saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya. Suna ma manna 'yar alama a saman saƙo don a san ba mai turowar ne ya ƙirƙira ba. Madalla. Amma tsohon da ke Wasagu ba alamar nan yake dubawa ba. Hoton wanda ya turo yake dubawa, in ya ga kwalar fasto ko rawanin liman, shi ke nan.

Akwai wani abu da ya fi ƙarya ba ni tsoro, kuma ya shafi irin gidajen da muke da su a nan. Baƙo in ya zo Zuru yakan yi mamakin ganin gida ɗaya da Alhaji da fasto da kuma tsohon da har gobe bai bar al'adar kakanni ba. Ana Salla a kawo mini nama, ana Kirsimeti in aika da shinkafa, lokacin bikin Uhola kuwa duk a haɗu a fili ɗaya. Mutane na cewa haƙuri ne ya riƙe mu. Ni ina ganin kunya ta fi haƙuri aiki a nan. A zauren gidan ubanmu ba ka isa ka yi wa Musulmi kuɗin goro ba, don ga yayanka zaune. Shi ma bai isa ya ce Kirista duk kaza ne ba, don gwaggonsa ce ke tuƙa tuwon da zai ci, kuma ita ce shugabar mawaƙa. Kowace magana sai ta bi ta kunnen wanda za ta yi wa ciwo, don haka tun a baki ake rage mata kaifi.

Haka ma karatu ya shigo mana. 'Yan mishan na United Missionary Society, waɗanda aikinsu ya zama ikilisiyar UMCA, sun kafa tasha a Zuru a shekarun 1920, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932. Tsofaffinmu na ba da labarin yadda mutum ɗaya da ya iya karatu kan zauna gindin itace ya karanta da ƙarfi, mutum goma na saurare. Wasiƙar soja ma haka ake karanta ta, a tsakar gida. In mai karatu ya yi ƙari ko ya yi ragi, akwai mai cewa a'a, sake dai. Karatu a lokacin abin taro ne.

To, abin dariya, taron WhatsApp ma zaure muke ce masa. Sai dai zaure ne mai ƙofa a kulle da mai gadi. Na matasan coci daban, na 'yan masallaci daban, na 'yan ƙabila daban, kowa da irin nasa. A ciki babu yayan da za a ji kunyarsa. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya kalli kawunsa ba, shi ne zai rubuta abin da in kawun ya gani ba zai ƙara cin abinci a gidansu ba. Ga mu kwano ɗaya muke sa hannu, amma kowa da labarin duniyar da ya kwana yana ji.

Na ga haka ƙiri-ƙiri a watan Mayu na 2022. Ranar 12 ga watan aka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan wani saƙon murya da ta tura a zauren 'yan ajinsu, wanda aka ce ta yi ɓatanci ga Annabi a ciki. A Tungan Magajiya aka binne ta, nan kusa da mu a ƙasar Rijau, garin da fastoci da yawa na wannan yanki suka yi karatun Littafi. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. A wancan makon na zauna da yayana a tabarma ɗaya, muka miƙa wa juna wayoyi. A tawa bidiyon kisan ne ke yawo, da maganganun da ke cewa kowane Musulmi ya ji daɗi. A tasa maganar ɓatancin ce ke yawo, da masu cewa fastoci ne ke koya wa yara zagi. Ni ban taɓa ganin nasa ba, shi bai taɓa ganin nawa ba. Mun daɗe ba wanda ya ce uffan. Ranar Lahadi na faɗa wa ikilisiya abu biyu, kuma na san kowanne ya ɓata wa wani rai: babu maganar da ta halatta wa taron jama'a zubar da jini, kuma duk yaron da ya taɓa abin da maƙwabcinsa ke girmamawa, a fili ko a waya, ba da yawun Almasihu ya yi ba.

Na sake tunawa da wannan a watan Nuwamba na 2025, da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kashe mataimakin shugaban makarantar aka tafi da ɗalibai 25. Iyaye na kuka, mu a nan muna lissafin 'yar wa da 'yar wa ke ciki, a intanet kuwa har daga Amurka ana gardamar addinin yaran, sai da hukuma ta fito da sunayensu. Mai neman hujja a gardamarsa ya fi mai neman 'yarsa ƙarfin murya a can. Ɗan bindigar da ke zuwa ƙauyukanmu kuwa ya kwashi shanun mai zuwa coci ya haɗa da na mai zuwa masallaci.

Ban da tashin hankali, akwai ɓarnar da ke tafiya a hankali kamar gara, ita ce ke kawo mutane ofishina ranar Talata. Ƙarar aure da wuya a gama sauraronta ba a ambaci waya ba. Ya sa mata lambar sirri. Wa ke kiranta bayan sha ɗaya? Ya ce ba kuɗin cefane, amma bai taɓa rasa data ba, ko bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta amince da shi a Janairun 2025, kuma duk Asabar sai ya buga cacar ƙwallon Ingila. Wani kuma taron addu'a ya zo, ashe kuɗin takinsa ne suka nutse. An ga yadda tsarin zuba kuɗi na MMM ya ƙare a 2016, an ga na CBEX a 2025, amma da wani makamancinsu ya ɓullo a zauren coci, daga hannun wanda ke fara saƙonsa da "salama cikin sunan Ubangiji", sai aka manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Nan ma sunan mai turowa ne ya yi aiki.

Masu shirin aure su suka fi ba ni tausayi. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi kan yi golmo: shi da abokansa su yi wa gidan surukai noma damina bayan damina, har shekara bakwai, kafin a ba shi mata. Mu fastoci muna son misalin nan don ya yi kama da zaman Yakubu a gidan Laban. Ba kewar golmo nake yi ba, bayana ba zai ɗauka ba, kuma ba kullum ake jin ta bakin yarinya ba a wancan zamani. Amma mutum ba ya iya ɓoye hali shekara bakwai a bakin kunya. Malalaci za a gan shi, mai zafin rai za a gan shi, mai shan burkutu ya kwana a hanya za a gan shi. Yanzu sai su zo mini su biyu suna sheƙi, wata uku da haɗuwa a Facebook, ta san launin da ya fi so da ƙungiyar ƙwallonsa, ba ta taɓa ganin yadda yake yi wa uwarsa magana ba. Nakan tura su gida in ce su je su yi wata guda kowa na wuni a gidan su ɗaya. Wasu ba sa dawowa, ban kuma ɗauki hakan asara ba.

Game da masu wa'azin intanet ba zan ja da nisa ba, kada a ce kishi ne, kuma wataƙila da ɗan kishin. Suna da fitilu da makirfo mai kyau, ni janareta ma sai an yi karo-karo. Abin da na sani shi ne ranar da aka yi rasuwa a Dabai ko Senchi, ba mai fitilun ne ke zuwa ya tsaya bakin kabari ba.

Sai dai akwai tambayar da har yau ban gama da ita ba, kuma ba na son in yi kamar na gama. In saƙon daren nan gaskiya ne fa? Annabi Ezekiyel ya yi magana a kan mai tsaron da ya hango takobi bai busa ƙaho ba, ya ce a hannunsa za a nemi jinin mutane. Wanda ke zaune a Abuja zai iya cewa kada ka tura sai ka tabbatar. A nan, wani lokaci kafin ka tabbatar an riga an gama. Sabis yakan ɗauke, mai unguwa ba ya ɗaga waya, jami'in tsaro na nesa. Abin da na iya tsayarwa wa kaina kaɗan ne. Na daina tura muryar da ban san mai ita ba. In abu ya zo, ina kiran mutum mai suna a garin da aka ambata. In ban same shi ba kuma hankalina bai kwanta ba, sai in yi magana da muryata, in faɗi abin da na ji da wanda na ji daga gare shi, in ce ban tabbatar ba, in cire duk inda aka ɗora wa wata ƙabila ko masu wata sana'a laifi. In ya zama ƙarya, na san zan koma wannan zauren in ce na yi kuskure. Wannan kaɗai ya rage mini saurin yatsa fiye da kowane wa'azi.

Na ambaci masu tallar nono ɗazu na wuce. Akwai wata Bafulatana da ta fi shekara goma tana kawo mana nono da man shanu. Uwargida "ƙawata" take ce mata, uwargidan ce ma ta yi mata rakiya asibiti lokacin haihuwar autarta. Kwana biyu bayan saƙon nan ta shigo unguwa, wasu samari, cikinsu har da na cocina, suka tare ta a bakin layi suna tambayarta wa ya aiko ta. Ba su taɓa ta ba. Ta shigo gidanmu ta ajiye ƙwaryar nonon a gindin murhu, ta ce za ta dawo ta karɓa. Na yi wa samarin faɗa, suka sunkuyar da kai, ɗaya ya ce a hankali, "Baba, ai kai ka turo." Na aika mata da ban haƙuri har sau biyu. Daga baya muka ji sun tashi da rugarsu.

A cikin ƙwaryar nan muke zuba wayoyi yanzu in an zo cin tuwon dare, har a gama addu'a. Uwargida ce ta kafa dokar, tawa ce kuma ta fara shiga. Yara sun yi gunaguni mako guda suka saba. Har auta ta dawo da tatsuniya, ko da yake Gizo nata yana da POS. Matsalar ƙwarya ita ce ba ta rufa asiri: waya in ta yi ruri a ciki sai gidan duka ya ɗauka.

Shekaranjiya muna tsakiyar ci ta kama ruri. Tawa ce. Yara suka tsaya da loma a hannu suna kallona, ni ina kallon uwarsu. Ta ce, "Ɗauka mana, Maigida, ko daga Ribah ne." Saƙon murya ne, ban san mai shi ba, yana haki. Na nemi lambar wani dattijonmu da ke can na kira, ba ta shiga ba. Na sake kira. Uwargida ta ɗauki faifai ta rufe mini tuwon, ta ce wa yara su ci gaba da ci, ni kuma na fita tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi na kira a karo na uku.